Yadda Ake Horar da Yara Ƙwallon Kwando, Daga Riƙon Ƙwallo Zuwa Ranar Wasa

Duk wanda ya taɓa tara yara a filin siminti a Sakkwato ya miƙa musu ƙwallon kwando ya san abin da ke biyo baya. Kowane yaro zai ja da baya can nesa, ya tattara ƙarfinsa gaba ɗaya, ya wurga ƙwallon daga kafaɗa kamar mai jifan mangwaro, domin jifan nesa ne yake gani a wayar yayansa. Aikin mai horarwa yana farawa daga nan, wato ya juyo da hankalin yaron daga kwando zuwa ƙafafunsa, ba tare da ya kashe masa sha'awar da ta kawo shi filin ba. Tsarin da nake bi da yara 'yan shekara 8 zuwa 13 shi ne ƙafa tukuna, sannan hannu, sannan kwando, sannan abokin wasa, daga ƙarshe abokin hamayya. Idan ana haɗuwa sau uku a mako, wata uku ya isa a kai yaron da bai taɓa riƙe ƙwallo ba matsayin da zai shiga wasa bai ji kunya ba.

Kafin a busa usur ko sau ɗaya, mai horarwa ya je gidajen yaran da ƙafarsa ya gaisa da iyayensu. Tambayar da na fi ji daga iyaye maza ita ce, "Malam, wanga wasa ba ya hana mai Islamiyya?" Amsar da ta dace ita ce a nuna wa uba jadawalin a rubuce, a ce masa, "Ranka ya daɗe, Alhamis da Juma'a bayan la'asar ne, sai Asabar da safe, kuma kafin kiran magariba yana gida." Ranakun Alhamis da Juma'a sun fi sauƙi saboda yawancin makarantun allo da na Islamiyya suna hutu a cikinsu. A wannan zaman ne kuma ake tambayar lafiyar yaro: ko yana da sikila, ko asma, ko ya taɓa suma a rana. Mai sikila da mai asma suna iya wasa gwargwadon abin da likitansu ya amince, amma dole mai horarwa ya san da su tun ranar farko, ya riƙa ba su hutu da ruwa fiye da sauran. Iyayen 'yan mata kuwa a sanar da su cewa tun shekarar 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta amince mata su yi wasa da lulluɓin kai, kuma a nemo mace babba da za ta riƙa kasancewa a filin, a ware wa 'yan matan lokacinsu dabam.

Batun kayan aiki ba shi da tsawo, sai dai akwai abu biyu da ba na sassauci a kansu. Cikakken fili yana da tsawon mita 28 da faɗin mita 15, zoben kwandon manya kuma yana bisa da mita 3.05, amma yaro ɗan shekara tara ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake buƙata shi ne ƙwallo lamba 5, wadda ta fi lamba 7 ta manya ƙanƙanta da rashin nauyi, da kuma zobe da aka sauko da shi zuwa mita 2.60 kamar yadda ake yi a wasan ƙananan yara. Mai walda zai iya haɗa zobe mai faɗin santimita 45 a kan allon katako mai kauri, a kafa shi da ƙarfe mai ƙwari. Yaron da aka ba babbar ƙwallo da dogon kwando dole ya karkace jikinsa kafin ƙwallon ta kai, wannan karkacewar kuma tana iya bin sa har girma. Abu na biyu shi ne yawan ƙwallaye. Yara goma sha biyu da ƙwallo ɗaya zaman layi kawai suke yi, don haka a yi ƙoƙari kowane yara biyu su sami ɗaya, ko da ta roba ce mai araha, wadda ma ta fi ta fata jure siminti. Robobin lemo da aka cika da yashi sun isa alamar fili. Silifa ba ta shiga fili, sai kambas mai igiya.

Yanayin garinmu shi ke tsara lokacin atisaye. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, simintin fili kuma yana riƙe zafin har bayan la'asar, saboda haka a lokacin bazara a koma safiya, daga bayan asuba zuwa ƙarfe takwas, ko a jinkirta zuwa ƙarfe biyar na yamma a rage tsawon atisayen. A ajiye ruwa a inuwa, a tsayar da wasa kowane minti 15 zuwa 20 kowa ya sha, ko ya ce ba ya jin ƙishirwa. Yaron da ya yi ƙorafin jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, a kai shi inuwa a zuba masa ruwa a jiki, idan kuwa ya fara rikicewa a magana to asibiti za a nufa nan take. Da hunturu matsalar ƙura ce, tana sa fili santsi ƙwallo kuma ta riƙa suɓucewa, don haka a share filin kafin a fara, a goge ƙwallayen da tsumma mai laima. A watan azumi na fi son a mayar da atisaye bayan shan ruwa ko a taƙaita shi ga jifa kaɗai.

Makonni biyu na farko na ƙafa ne. Bayan minti goma na ɗumama jiki da guje-guje irin na kama-ni-in-kama-ka, a koya wa yara tsayuwar ɗan wasa: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, nauyin jiki a kan gaban tafin ƙafa, kai a ɗage. Daga nan sai tsayawa. Yaro ya taho da gudu, a busa usur, ya yi ɗan tsalle ƙasa-ƙasa ya dira da ƙafa biyu lokaci guda ba tare da ya yi tangaɗi ba. Idan wannan ta zauna, sai juyi a kan ƙafa ɗaya: ya kafa ƙafa guda kamar an buga mata ƙusa, ya riƙa juyawa gaba da baya da ɗayar, ƙwallo a riƙe gam kusa da ƙugu. Wannan darasi yana gundurar yara, amma shi ne maganin laifin da alƙalin wasa ya fi hura wa sababbin 'yan wasa usur a kansa, wato tafiya da ƙwallo. Sakkwato gari ne da aka sani da ƙwallon hannu, kuma yaran da suka fito daga can suna zuwa da iya cafiya mai kyau, sai dai sun saba da taku uku, alhali a nan taku biyu ne iyaka, don haka su ne suka fi buƙatar haƙuri a wannan mataki. Ina yawan ba su labarin Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya yi tsaron raga a ƙwallon ƙafa ya kuma buga ƙwallon hannu, bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya kai kimanin shekara 15, amma iya sarrafa ƙafarsa ya kai shi ga lashe kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995.

Tare da aikin ƙafa ake fara bugun ƙwallo a ƙasa, wanda 'yan wasa ke kira diribul, kuma a nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina. Ƙwallo ana tura ta ne da gammon yatsu da wuyan hannu, ba a marin ta da tafi, kuma kada ta wuce ƙugu idan ta dawo. A fara a tsaye wuri ɗaya, daƙiƙa talatin da dama, daƙiƙa talatin da hagu, sannan a durƙushe, sannan ana tafiya, sannan ana gudu tsakanin robobin yashi ana sauya hannu a gaban kowace roba. Domin a raba idon yaro da ƙwallo, mai horarwa ya tsaya a gabansu yana ɗaga yatsu, su kuma suna faɗin adadin da babbar murya. Wani wasa da yara ke so shi ne a zuba su duka cikin da'ira, kowa yana bugun tasa ƙwallon yana kuma ƙoƙarin ture ta wani, wanda tasa ta fita ya yi bugu goma da hagu ya dawo. Hannun hagu yana da wahala a wajenmu musamman, domin tun yaro yana ƙarami ake kwaɓarsa idan ya karɓi abu ko ya ci abinci da shi, wannan kuma tarbiyya ce mai kyau da ba mu taɓa ta. Sai dai a bayyana wa yaro cewa a fili hannu biyu Allah ya ba shi, kuma wanda ba ya iya bin hagu, ɗan tsaro mai wayo zai gane shi cikin minti biyu ya toshe masa dama. A kowane atisaye hagu ta sami lokaci daidai da na dama, ko ma fiye. A nan ne kuma ake faɗa musu doka ta biyu, cewa wanda ya tsayar da bugu ya riƙe ƙwallo da hannu biyu ba zai sake bugawa ba, sai dai ya ba wani ko ya jefa.

Fasin iri biyu sun isa a wata na farko. Na ƙirji shi ne a riƙe ƙwallo da hannu biyu a gaban ƙirji, a taka ƙafa ɗaya gaba, a tura har hannuwa su miƙe manyan yatsu su kalli ƙasa. Na ƙasa kuwa ana buga ƙwallon ne a wajen kashi biyu cikin uku na tazarar da ke tsakani, ta tashi ta iske abokin wasa a ƙugu. Mai karɓa ya nuna tafukansa, ya tako ya tarbi ƙwallon maimakon ya tsaya jiranta.

Sai a mako na huɗu ko na biyar nake barin a fuskanci kwando da gaske, kuma daga kusa ake farawa, taku ɗaya kacal daga zobe. Yaro ya ɗora ƙwallo a kan yatsun hannun da yake jifa da shi, gwiwar hannun tana ƙarƙashin ƙwallon ba ta baje gefe ba, ɗaya hannun kuma yana gefe yana tallafe kawai ba ya turawa. Ƙarfin jifa daga gwiwoyin ƙafa yake tasowa, don haka ya ɗan durƙusa, ya miƙe, hannu ya bi sama, wuyan hannu ya karye gaba kamar mai zura hannu cikin tulun da aka ɗora bisa katanga, ya bar shi a haka har ƙwallon ta sauka. Wanda ya ci biyar a jere ya ƙara taku ɗaya baya, wanda siffar jifansa ta lalace ya dawo gaba. Layin maki uku yana da nisan mita 6.75, kuma ina hana yara 'yan ƙasa da shekara 12 jifa daga can a lokacin atisaye, ko da sun roƙa. Jifan da ya fi kawo maki a wasan yara shi ne na kusa da allo wanda ake yi cikin gudu da taku biyu. Daga ɓangaren dama, yaro ya taka dama, ya taka hagu, ya tashi a kan hagun, gwiwar ƙafar dama da hannun dama su ɗaga tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, ya aza ƙwallon a hankali a kusurwar sama ta ɗan murabba'in da aka zana a jikin allo. A fara ba ƙwallo, sannan da ƙwallo ba bugu, sannan da bugu ɗaya, sannan da gudu, kuma duk abin da aka yi a dama a maimaita shi a hagu da hannun hagu.

Na taɓa yin kuskuren da nake gargaɗi a kansa. A shekarar da na fara wannan aiki, bayan mako uku kacal na amsa gayyatar wata makaranta, saboda yarana sun iya jefa ƙwallo a kwando idan ba kowa a gabansu. Ba su taɓa fuskantar mai tsaro ba, don haka da aka matse su sai kowa ya rungume ƙwallo ya daskare, aka riƙa fizge ta daga hannunsu. Biyu daga cikinsu ba su sake dawowa fili ba, kuma har yau abin yana damuna, domin laifin nawa ne.

Abin da ya kamata in yi shi ne in bi da su ta ƙananan wasanni, wanda shi ne aikin wata na biyu zuwa na uku. A fara da ɗaya da ɗaya, a nan ake koyar da tsaro: mai tsaro ya tsaya tsakanin mutuminsa da kwando, tazarar hannu guda, ya riƙa jan ƙafa gefe ba ya harɗe su, idonsa a kan cikin abokin hamayya domin ciki ba ya yaudara kamar yadda kai da ƙwallo ke yi. Ya kiyaye kai hannu barkatai, saboda a dokar FIBA laifi biyar ke fitar da ɗan wasa. Idan aka yi jifa, ya juya ya sa bayansa a jikin mutuminsa, ya tare shi, sannan ya tashi ya cafe ƙwallon da hannu biyu. Ban yarda a koya wa yara tsaron yanki ba, inda kowa ke tsayawa a wuri guda yana gadin fili. Yana kawo nasara da wuri a wasan yara saboda ba su iya jifan nesa ba, amma yana fitar da 'yan wasan da ba su san yadda ake bin mutum ba. Kowa ya ɗauki mutuminsa, ya kira lambarsa da baki kowa ya ji.

Daga nan sai biyu da ɗaya, domin yaro ya koyi yanke shawara: idan mai tsaro ya taho kanka ka bayar, idan ya tsaya kan abokinka ka wuce kwando. Sannan biyu da biyu, sannan uku da uku a rabin fili, wanda shi ne ya fi kowane atisaye amfani, domin kowane yaro yana taɓa ƙwallo sau da yawa kuma babu inda zai ɓuya. Wannan tsari na uku da uku wasa ne mai zaman kansa a yanzu, har ya shiga gasar Olamfik tun daga ta Tokiyo. Dokoki biyu na kai hari sun ishi yara. Ta farko, a bar tazarar kamar taku huɗu ko biyar tsakanin kowane mutum biyu, domin ɗabi'arsu ita ce su taru a kan ƙwallo kamar kaji a kan tsaba. Ta biyu, wanda ya ba da fasin ya ruga zuwa kwando yana nuna hannu, idan bai samu ba ya fita ya cike gurbin da ba kowa. Wani lokaci nakan hana bugun ƙasa gaba ɗaya na minti biyar, sai ka ga yaran da ba sa motsi sun fara neman wuri da kansu. Kada kuma a ɗauki dogon yaro a dasa shi ƙarƙashin kwando a ce aikinsa ke nan. Wanda ya fi kowa tsawo a shekara 11 yana iya zama matsakaici a shekara 17, idan kuwa bai koyi bugu da fasin ba, ya rasa duka biyun.

A makonni biyu na ƙarshe ake shiga biyar da biyar a cikakken fili, da alƙali da usur, domin yara su saba da dokokin lokaci: daƙiƙa 5 na shigo da ƙwallo daga waje, daƙiƙa 8 na tsallaka rabin fili, daƙiƙa 3 da mai kai hari zai iya tsayawa a cikin akwatin da ke ƙarƙashin kwando, da daƙiƙa 24 na yin jifa, ko da yake wasannin yara da yawa ba sa amfani da wannan ta ƙarshen. A nuna musu yadda ake jeruwa a lokacin jifan daga-kai-sai-kwando mai maki ɗaya, da yadda ake neman canji a teburin masu rubutu, da cewa ba a mayar da ƙwallo baya idan an tsallaka tsakiya. A tanadi hanya ɗaya mai sauƙi ta shigo da ƙwallo daga ƙarƙashin kwando, a maimaita ta har ta zauna. Wasan manya kashi huɗu ne na minti goma-goma, amma ga yara ana iya yarjejeniya da ɗaya ɓangaren a rage zuwa shida ko takwas, musamman da bazara.

Wasan farko a nemi ƙungiyar da ƙarfinta ya yi daidai da na yaranka. A isa fili da wuri da ruwa, da bandeji, da ƙanƙara a cikin kula, domin targaɗen idon sawu da na yatsa su ne raunin da aka fi samu. Idan ya faru, a zaunar da yaro, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar sama, kada a bari kowa ya ja ko ya murza wurin, idan kuma ba ya iya takawa a kai shi asibiti a ɗauki hoto. Kowane yaro da ya halarci atisaye ya shiga wasan, kuma a rubuta jerin canjin tun daga gida don kada zafin wasa ya sa a manta da wani a benci. A lokacin hutun minti ɗaya a faɗi abu guda kawai, kamar "Kowa ya koma ya ɗauki mutuminsa da zarar mun rasa ƙwallo," domin yaron da ke haki ba zai riƙe abu uku ba. Mai horarwa kada ya ɗaga wa alƙali murya, yaransa suna kallonsa kuma abin da ya yi shi za su yi. 'Yan mata kuwa nakan tuna musu kafin a fara cewa D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya, ƙarƙashin koci Rena Wakama, ita ce ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik, a Faris a 2024.

Yayin da ake wasan, a ba wani babba littafi da biro ya riƙa ƙirga abu uku: sau nawa aka rasa ƙwallo ba a yi jifa ba, jifan kusa da allo nawa aka zubar, da sau nawa abokan hamayya suka cafe ƙwallon da suka jefa ta dawo. Bayan usur na ƙarshe yara su jeru su gaisa da abokan hamayya da alƙali, a sha ruwa, a raka ƙananan gida kafin magariba, a bar gyara sai ranar atisaye. Ranar Alhamis mai zuwa a buɗe littafin, a ɗauki adadin da ya fi muni a cikin ukun, a gina rabin atisayen makon a kansa, sauran rabin kuma a koma kan tsayawa da ƙafa biyu da bugu da hannun hagu.